Ruwan Zafi da Zuciyar Barira

Da sunan Allah mai rahama mai jin ƙai.

Zuwa ga ɗiyata Barira. Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa, ke da maigidanki da abin da ke jikinki. Allah ya sa takardar nan ta same ki lafiya, ya kai ki Maraɗi lafiya, ya tsare ki a hanya da inda za ki sauka. Ni ce innarki, Hajo.

Kin san ba hannuna ba ne. Malama Zuwaira ce ta lakol ɗinmu, makarantar boko, ta zauna mini a kan tabarma take rubutawa, na kuma roƙe ta kada ta gyara mini baki, yadda na faɗa haka za ta sa. Yayanki Sanusi zai tsaya a bakin hanya a Cadawa, in motarku ta taso daga Gazawa ya miƙa miki. Kika ce in kira ki a salula. Na gwada, kin ji yadda muka yi. Da na ji muryarki sai na tsaya ina tambayar ki ko an yi ruwa a wajenku. Abin da nake son faɗi ba ya shiga salula, Barira. Kuma magana ce da nake so ki riƙa dubawa, ba ki ji ta sau guda iska ta tafi da ita ba.

Tsoro nake ji. Gara in fara da shi. Tun da aka ce likita ya ce ki koma kusa da asibiti ki zauna har ki haihu, abinci bai zauna mini ba. Ba zaman Maraɗin nake tsoro ba, wannan shi ne daidai. Gidan da za ki sauka nake tsoro, wajen Hajiya Mariyama gwaggon mijinki. Mutuniyar kirki ce, ban taɓa jin an ce ta ci zalin kowa ba. To kirkin nata ne abin tsoron. Mace ce irina, ta san jego, tana alfahari da shi, kuma ranar da kika sauka lafiya za ta ɗora miki tukunya don tana son ki. Ni ma don ina son ki na ɗora.

Bari in faro daga baya, ko da yake kin san yawancinsa.

Da aka haife ki leɓɓanki baƙaƙe ne, in kin yi kuka har su koma kamar an shafa baban rini. Mata suka zo barka suna cewa, “Hajo, wagga ba sai ta yi tsagar leɓe ba, da kwalliyarta ta zo.” Na yi ta dariya, ina jin daɗi. Kina tsotso kina saki, kina gumi a goshi ko da sanyi. Na ce ƙyuya ce. Da kika tasa kika isa daka, 'yan'uwanki na lugude a turmi guda, ke sai ki sauke taɓarya ki durƙusa kina haki. Na ce miki raguwa. Ba sau ɗaya ba. Har na taɓa cewa wa zai auri macen da ba ta iya fid da surfe. Kika tashi kika ƙarasa dakan, ina gani leɓɓanki sun rine, na ce yawwa, ashe kina iyawa.

To ga abin da zan ce miki a kan wannan. A gidan Hajiya za ki ga aiki, kuma na san ki, ba ki iya zama a gidan mutane ana aiki kina kallo. Ki zauna. Kada ki ɗauki bokitin ruwa, kada ki ce bari in kama musu wanki. In wata ta ce baƙuwar nan 'yar hutu ce, ki bar ta ta faɗa. Ni na fara ce miki raguwa, kuma ƙarya na yi. Mai ɗaki shi ya san inda ke masa yoyo. In jikinki ya ce zauna, shi za ki ji, ba bakin mutane ba.

Ranar da abin ya fara kama ki sosai kina budurwa, a bakin rijiya. Ƙawayenki suka rugo suka ce Barira ta faɗi. Na tarar da ke a zaune kin jingina da kututture, idonki biyu amma ba ki magana. Na sa hannu a ƙirjinki. Wallahi Zuwaira, ban taɓa jin irinsa ba, kamar an kulle tsuntsu a cikin ƙwarya yana ta fuffuka. Jijiyar wuyanki ma ana ganin tana rawa. Muna nan tsaye, can sai kika ja dogon numfashi kika ce, “Inna, ya sake ni.” Kamar ba ke ba. Kika ɗauki tulunki.

Shi ne ya ruɗe mu. Ciwon da ke zuwa farat ɗaya, ya tafi farat ɗaya, ba zazzaɓi, ba ƙurji, mi za mu kira shi? Kowa ya ce iska ce ta bakin rijiya. Ni ma na ce haka. Na yi miki hayaƙi har kina tari. Na kai ki wajen wani mutum can wajen Tibiri, ya ce wanda ke kanki yana son baƙin zane da turare. Na kira wanzami ya yi miki ƙaho a baya, ya yi miki tsaga ƙanana a ƙarƙashin nonon hagu, tabon na nan har yau. Duk sa'ad da muka yi wani abu sai ciwon ya lafa, mu ce magani ya ci. Ashe shi dama haka yake, yana tafiya don kansa ya dawo don kansa. Marigayi babanki ya taɓa cewa, “Hajo, mu gwada gidan likita mana.” Na ce masa allura da iska ba su haɗuwa, in aka yi miki allura sai mu rasa ki. Ya bar zancen. Mutum ne marar son gardama, Allah ya ji ƙansa.

Saboda haka, in ya taso miki a Maraɗi, kada ki yarda a tsaya neman garwashi da turare. Addu'a kam a yi ta, a yi ta a cikin mota ana tafiya. Ki gwada dabarar nan da likita ya koya miki, ta riƙe numfashi da yunƙuri da ta ruwan sanyi a fuska, tunda kin ce wani lokacin tana tsayar da shi. In bai sake ki ba, ko kika ji jiri, ko duhu na rufe miki ido, ko numfashi ya gaza, ba jira. Kada ki ce bari a gama sallah, bari maigidan ya dawo daga kasuwa, bari in gani ko zai wuce kamar na rannan. Yanzu ku biyu ne a kan zuciya guda.

Kuluwa ce ta shigo yanzu, ƙawata ungozoma, ta ce in gaishe ki. Ta tarar muna rubutu ta ce, “Hajo, yau kuma buro kika buɗe irin na ma'aikata?” Na ce mata wasiyya nake wa Barira kada ta yi wankan jego. Ta dafa ƙirji ta ce, “Mace ta haihu ba ta gasu ba? Ɗanya za ki bar ta, sanyi ya shige ta ta ruɓe?” Na ce, “Kuluwa, ke kika riƙe mini ƙafafunta a amalanke, ko kin manta?” Ta ce ba ta manta ba, amma wancan ƙaddara ce. Ta ce ita 'ya'ya nawa ta wanke a garin nan, ga su nan suna noma. Na ce, “Su da zuciyarsu daidai aka haife su.” Ta ce ni dai tun da na ga tele, talabijin ɗin likita, a asibiti na zama Nasara, saura in sa wando. Muka yi dariya, ta ɗauki goro ta fita. Na sa Zuwaira ta rubuta miki wannan don ki ji da kunnenki. Kuluwa ta gani da idonta, ta yi kuka tare da ni, amma ga abin da take faɗi har yau. To ina ga Hajiya da ba ta gani ba?

Yanzu sai in zo kan haihuwarki ta fari. Na daɗe ina kewaye-kewaye.

Kika zo gida goyon ciki kamar yadda kowace ɗiya ke zuwa wajen uwarta. Na yi murna. Na tara itace tun cikin bai tsufa ba, gumagumai masu kauri, har maƙwabta na cewa Hajo za ta gasa sa. Kika haihu a ɗakina, namiji, ba ki yi ko tari ba. Mata suka yaba, suka ce ɗiyar Hajo jaruma ce, ba ta da raki. Ni na koya miki wannan. Tun kina ƙarama in kin faɗi nake cewa shiru, mace ba ta raki.

Na ɗora tukunya safe da yamma. Ruwa na tafasa nake tsoma ganyen dogon yaro in fyaɗa miki a baya da ciki da cinya, tururi har ba na ganin fuskarki. Daga nan kunun kanwa, mai kauri, kanwa har tana ɗaci, ƙwarya cike. Daga nan ki hau gadon ƙasa da na hura wa wuta a ƙarƙashi. Haka aka yi mini, haka aka yi wa uwata. Ban rage komai ba, don kada a ce na yi wa ɗiyata jegon ganin dama.

Bayan suna kika ce, “Inna, in na shiga ruwan nan ƙirjina na gudu.” Na ce haka yake yi wa kowa, ki daure. Kika daure. Sai ƙafafunki suka kumbura, in na danna yatsa sai ya bar rami. Ba ki iya kwanciya sai kin jingina da bango. Kin san abin da na ce? Na ce sanyi ne ya shige ki, wankan bai isa ba. Na ƙara itace. Na ƙara kanwa. Abin da ke kashe ki nake ƙarawa, ina bisimilla.

Zuwaira ta ce in sha ruwa. Na sha. Rubuta.

Da hantsi ne, ina tsaye a kanki da ganye a hannu a makewayi, kika ce “Inna” sau ɗaya, kika zame daga kan kujerar. Na ɗago ki, jikinki zafi zau don ruwan, amma hannuwanki sanyi. Ƙirjin nan ba bugawa yake ba, kaɗawa yake kawai, ba ka iya raba wannan bugun da wancan. Muka ɗaura miki zane, aka ɗaure shanu a amalanke, muka kama hanyar Cadawa cikin yashi. Majo, babban ma'aikacin gidan likita, ya sa abin saurarensa a ƙirjinki, ya dube ni, ya fita yana kiran mota. A Maraɗi suka manna miki wayoyi a jiki, wata doguwar takarda na fitowa da zane kamar sawun kaji. Suka fid da ni waje. Daga baya aka ce mini sai da suka buga miki wutar lantarki a ƙirji kafin zuciyar ta dawo kan tafiyarta.

Kina can kwance jaririn yana hannuna a gida, nono babu. Na yi abin da na iya da nonon akuya da na wata mai goyo a maƙwabta. Zawo ya kama shi. Allah ya karɓi abinsa kafin a sallame ki. Ba ki taɓa ce mini komai a kai ba, ko da ido. Da kin zage ni da ya fi mini sauƙi.

Likitan da ya duba ki wani siriri ne, Bazabarme, Hausarsa a karye amma na gane shi. Ya kira ni ya nuna mini zuciyarki a tele tana motsi, baƙi da fari. Ya ce, “Mama, zuciya gida ce mai ɗaki huɗu, da ƙyaure tsakaninsu.” Ya ce ƙyauren gefen dama naki tun kina ciki bai zauna inda ya kamata ba, ya zame ƙasa, sai ɗaki ɗaya ya yi faɗi, ɗaya ya matse, ƙyauren kuma ba ya rufuwa sosai, jini na komawa baya. Ya ce abu ne da ba a cika haihuwar mutum da shi ba, shi kansa ba kullum yake gani ba. Ya ce akwai wata 'yar wuta da ke umartar zuciya ta buga, tana da hanyarta guda, amma ke kina da wata ɓarauniyar hanya a gefe. In wutar ta bi ta nan sai ta yi ta zagayawa, zuciya ta kama gudu ba linzami. Kuma ya ce yadda mutum ke ƙara shekaru haka abin ke ƙara yawan tasowa, don ɗakin nan mai faɗi yana ƙara saki.

Na ce, “Likita, wani abu na ci da cikinta? Ko baki ne?” Ya ce ba ko ɗaya, halitta ce. Sai ya tambaye ni mi nake ba ki tun da kika haihu. Na lissafa masa, har ina ɗan jin kai, don ya san ban yi sakaci ba. Ya cire madubin idonsa ya goge. Ya ce kanwa da gishiri ruwa suke tarawa a jiki, zuciyar da ke fama da nauyinta sai a ƙara mata kaya. Zafi kuma sa ta gudu yake. Ya ce ko masu lafiyayyar zuciya yana ganin ana kawo su a kumbure bayan jego, bare ke. Bai yi mini faɗa ba. Ya ce, “Mama, ba ki sani ba.” Rashin sani ya fi dare duhu, amma ni da rana tsaka na yi nawa, yarinya na faɗa mini ƙirjina na gudu ina cewa ta daure.

To ki yi raki, Barira. Na warware abin da na koya miki. In kin ji abu, faɗi da ƙarfi. In naƙuda ta taso kada ki ciji zane ki shige ɗaki don a ce miki jaruma. Tun ciwon farko a tafi. In kin shiga, ki faɗa wa kowace ma'aikaciya da ta taɓa ki cewa kina da ciwon zuciya na haihuwa, ko ta ce ta sani ki sake faɗi, don masu aikin safe ba su ne na yamma ba. Ƙwayoyinki kuwa, waɗanda likita ya canza miki saboda cikin, ki sha su yadda ya ce. Na san halinki, in kin kwana biyu lafiya sai ki ce kin warke. Ba ki warke ba, ƙwayar ce ke riƙe da linzamin. Kada ki ƙara, kada ki rage, kada ki karɓi na mai tebur a kasuwa, kada ki sha jiƙon da wata za ta ce yana sa haihuwa sauƙi. Ko ni na aiko miki da shi, ki zubar.

An buga ƙarfen lakol, Zuwaira ta tafi wajen yaranta. Yanzu Sanusi ne ke rubutu, in kin ga hannun ya canza. Ya ce rubutunsa ba kyau. Na ce ba zance za mu kai ba.

Ki gaya wa maigidanki, cikin ladabi, ni ba zan iya faɗa masa da bakina ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun ranar da kuka sauka ya nemi mai mota a unguwar, wanda zai tashi ko wane lokaci aka kira shi, ya san gidan, ya san ƙofar asibitin da za a shiga. Ba kabu-kabu ba, kada a ɗora ki a bayan moto kina jiri. Salula kada ta rabu da caji. Kuma ranar da za ku koma wajen likita, ku tafi da Hajiya. Ki roƙe shi ya nuna mata telen nan kamar yadda ya nuna mini. Wataƙila ido ya yi abin da baki bai yi ba. Na ce wataƙila.

Maigidanki mutumin kirki ne. Shekarun nan da kuka yi ba haihuwa tun bayan ta fari bai taɓa ɗaga miki murya ba, kuma na san cikin nan ba shi ya matsa ba, ke kika so, kin kuma san abin da likita ya ce na hatsarinsa. Ban hana ki ba, ba ni da bakin hana ki. Amma kada ki dogara da shi a maganar jego. Hajiya ce ta goye shi da uwarsa ta rasu. Namiji ba ya shiga makewayin mata ya sauke tukunya daga murhu. Zai ce, “Hajiya, likita fa ya hana,” ita kuma ta ce, “Kai tafi can, mi ka sani, ni na wanke maka kashi,” shi ke nan ya sunkuyar da kai ya fita. Sai a bar ki ke kaɗai, jiki ba ƙarfi, a gidan surukai, kina cin tuwonsu, mata sun kewaye ki kowa na cewa ɗan kaɗan dai, mai ɗumi dai, kurɓi ɗaya dai. Daga mai ɗumi ake kai wa tafasasshe. Kuma ke ga kunya. Na san ba za ki iya duban tsohuwa ki ce a'a ba.

Kada kuma ki ce za ki gudo wajena. Shekaranjiya na je kasuwa sayen daddawa, ban san sa'ad da na tsaya gaban mai kanwa ba, har na ɗauki dunƙule ina juyawa ina cewa wagga ta yi kyau da kunun mai jego. Sai da ya faɗi kuɗi na farka, na ajiye na wuce. Hannun da ya saba bai san an yi masa wa'azi ba. In kika zo nan, ga ni ga Kuluwa ga matan gari, ban amince da kaina ba. Ki yi arba'in ɗinki a inda likita ke ganin ki. Wanka da ruwan da za ki iya sa gwiwar hannu ki bar ta a ciki, kunu ba kanwa, miya gishiri kaɗan, gado ba wuta. In sun ce za ki yi wari, ki yi. In sun ce ba za ki ƙara moruwa ba, ai mai rai ake mora.

Na yi ta tunanin abin da zan ba ki ki riƙe a gaban Hajiya. Maganar likita za ta ce ta Nasara ce. Maganar miji za ta ce ta yaro ce. Taki kuwa ba za ta fito ba ma. Abu guda na samu wanda na san ba macen da ta haihu ko ta goya da za ta tsallake shi.

Sanusi, rubuta. Barira, in kika shiga ruwan zafi na jego, ko kika sha kunun kanwa, ko kika hau gadon wuta, ban yafe miki ba.

Ya ajiye bik ɗin da yake rubutu da shi. Ya ce, “Inna, ni ba zan rubuta wa ƙanwata wannan ba, tana da tsohon ciki.” Na ce, “Kai ka haife ni ko ni na haife ka?” Ya ce in nemi wata kalma. Na ce na nema, babu. Ya ɗauka ya rubuta. Na sa ya karanta mini don in tabbata bai sassauta ba.

Ban taɓa faɗa wa ɗan da na haifa kalmar nan ba, ko wanda ya fi ɓata mini rai. Amma ki ɗauke ta ki kai wa Hajiya tun kafin ki haihu, ba sai tukunya na kan wuta ba. Ki durƙusa ki ce, “Hajiya, ni mai biyayya ce a gare ki, amma ga abin da uwata ta ɗora mini.” Ba sai kin yi gardama ba, ba sai kin ce ta yi kuskure ba. Za ta ji haushina. Za ta ce tsohuwar ƙauye ta raina mata iyawa, ta aiko mata da sharaɗi har cikin gidanta. Wataƙila in na zo suna ba za ta amsa gaisuwata da daɗi ba. Na ɗauka. Ta zage ni daga nan har Gidan Rumji, in dai ba za ta tura ɗiyar mutane cikin fushin uwa da hannunta ba, kuma na san ba za ta tura ba.

Ke kuma ki saurara da kyau, don kada ki kwana da nauyi. In aka fi ƙarfinki, ko aka yi miki ba ki cikin hayyacinki, ba ke na nufa ba, Allah shaida ne. Abin da na ɗaure shi ne ki yarda da bakinki don kunya. Wannan kaɗai. Sauran duk abin da ke tsakanina da ke, tun daga nonon da kika sha, na yafe duniya da lahira. Nawa laifin kuwa ba yau zan roƙe ki ba. Sai kin zo da ƙafarki, da goyonki a baya, kin zauna a kan tabarmar nan, sannan in roƙa, ki amsa mini baki da baki. Kin ga ke nan dole ki dawo.

Allah ya tsare ki, ya tsare abin da ke cikinki. Allah ya daidaita miki bugun zuciya, ya riƙe ta a kan tafiyarta, ya ba masu duba ki basira da haƙuri. Allah ya raba ku lafiya, ya sa ki ji kukansa ya ji muryarki. Ki gaishe da maigidanki, ki gaishe da Hajiya da kyau, ki ce ina yi mata godiyar ɗawainiya tun kafin ta fara. Sanusi na gaishe ki, ya ce kada ki ga laifinsa, sa shi aka yi.

Ki sauka lafiya, ɗiyata.

Innarki,
Hajo